Yawon tapas a Sifaniya kai kaɗai: ka sayi rakiya ko ka bi da ƙafarka?

A yawancin biranen Sifaniya abincin dare tafiya ce a ƙafa. Mutum ya shiga wannan shago ya ci ɗan farantin soyayyen kifi a tsaye a bakin kanta, ya biya ya fito, ya taka kaɗan ya faɗa na gaba ya ci wainar ƙwai da dankali, haka dai har ciki ya ɗauka. Ƙananan farantan nan su ake kira tapas. Da baƙi suka yawaita sai kamfanoni suka mayar da yawon sana'a: ka biya kuɗi tun kana gida, a haɗa ka da wasu baƙi, ɗan gari ya shige gaba ya zaga da ku. Wanda ya zo shi kaɗai dole ya yanke shawara, ko ya sayi wannan rakiya ko ya nemi hanyarsa da kansa. Na bi hanyoyin biyu, ni kaɗai, ba na cin alade kuma ba na shan giya. Abin da na gani shi ne garin da ka sauka ne ke yanke rabin hukuncin, sauran rabin kuma abin da ba ka ci.

Kafin komai sai an gyara agogo. Mutanen ƙasar suna cin abincin rana tsakanin ƙarfe 2 da 4, na dare kuma daga 9 zuwa 11. Tun 1940 Sifaniya ke bin agogon tsakiyar Turai alhali a taswira layinta ɗaya da Ingila, shi ya sa komai nasu ke kama da an makara. Kicin ɗin yawancin shagunan gargajiya yana rufewa wajen ƙarfe 4 na yamma, ba ya sake buɗewa sai 8 ko 8 da rabi. Wanda ya fito da yunwa ƙarfe 6 zai tarar da ƙofa a buɗe amma wuta a kashe, sai dai a miƙo masa zaitun da soyayyen dankalin leda. Wuraren da ke dafa abinci a wannan lokacin galibi na baƙi ne, masu hotunan abinci a bakin ƙofa da mai kiran mutane su shigo, kuma can ne tsada take, daɗi kuwa babu.

Rakiyar da ake saya ana samunta a manhajoji irin su GetYourGuide da Viator da Civitatis, ko kai tsaye a shafin ƙananan kamfanonin garin. Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: awa uku zuwa huɗu, tsayawa a shago uku zuwa biyar, ayarin mutum takwas zuwa goma sha biyu, a kowane shago faranti ɗaya ko biyu da abin sha. Kuɗin yakan kama daga Yuro 60 zuwa sama da 100. Madrid da Barsalona da San Sebastiyan sun fi tsada, biranen kudu irin su Sebiya da Giranada sun fi rangwame.

Matsalar farko ta mai tafiya shi kaɗai tana nan a shafin biyan kuɗi. Akwai kamfanonin da ba sa tashi da ayari sai an kai mutum biyu ko huɗu. Za ka zaɓi mutum ɗaya ka ga an ce ranar babu wuri, ka mayar da shi biyu ka ga wuri ya buɗe. Maganin wannan shi ne ka rubuta musu ka tambayi ranar da suka riga suka sami ayari, su cusa ka ciki. Ko ka biya ma, idan mutane ba su cika ba suna iya soke tafiyar, saƙon kuma yakan zo ana gobe ko da safiyar ranar. Saboda haka a daren farko ko na biyu ake ɗaukar rakiya, ba daren ƙarshe ba, don idan ta rushe akwai sauran kwanaki. Ka kuma duba ko suna mayar da kuɗi idan kai ne ka fasa. Da yawa suna mayarwa matuƙar ka sanar da su awa 24 kafin lokacin.

Matsala ta biyu ta fi nauyi: me kake saya da kuɗin nan? Abin da kamfanonin ke tinƙaho da shi, kuma mafi tsada a duk daren, shi ne jamón ibérico, cinyar alade da ake turbuɗewa cikin gishiri a rataye ta bushe tsawon shekaru. Bayansa sai giya, kowane gari da tasa: jerez a Sebiya, vermut a Madrid, cava a Barsalona, txakoli a San Sebastiyan. Idan ka cire waɗannan biyun an cire babban kaso na abin da ka biya, kuma ba a saba rage wa mutum ko sisi ba. A madadinsu za a ba ka cuku da lemon kwalba. Wannan lissafin ya kamata mutum ya yi shi da idonsa buɗe kafin ya danna biya.

Idan ka ga duk da haka kana so, kada ka tsaya ga ɗan akwatin da ake cikewa a shafin biyan kuɗi. Ka aika saƙo, ka jira amsa, sannan ka biya. A saƙon ka ce ba ka cin alade ta kowace siga, har kitsensa da romon ƙashinsa; ba ka shan giya kuma ba ka cin abin da aka dafa da ita; kana cin kifi da sauran halittun teku da ƙwai da cuku da kayan lambu. Sannan ka nemi su faɗa maka abin da za a ba ka a kowane shago, da sunansa. Kalmar halal ita kaɗai ba ta wadatarwa, don wani ya ɗauka cire alade ne kawai, wani kuma ya tsorata ya ce ba za su iya ba. Ya fi sauƙi ka shiga layin masu cin kifi ban da nama, tunda sun saba da irinsu, sai ka ƙara maganar giya a kai. Daga amsar za ka gane kamfanin. Wanda ya ce kada ka damu, za mu kula da kai, bai faɗi komai ba. Wanda ya ce a shagon farko maimakon naman za ka sami cukun tumaki na Manchego, a na biyu alayyafo da wake, a na uku soyayyen kifi, wannan ya san aikinsa.

Ranar tafiya ka isa wurin haɗuwa da minti goma ko sha biyar kafin lokaci, ka sake faɗa wa jagoran baki da baki, domin ofis daban jagora daban, ba kullum saƙo ke isa gare shi ba. Ka kuma roƙe shi a riƙa zuba naka a faranti dabam. Dalili shi ne a shago da yawa katako ɗaya ake kawowa tsakiyar ayari, yankan alade a gefe, cuku a jikinsa, maiƙon wannan na taɓa wancan. Idan an riga an kawo, magana ta ƙare.

Akwai abin da jagora ke bayarwa da ya cancanci kuɗi, kuma ba abincin ba ne. Na ɗaya, an tanadar muku wuri, ba ruwanka da turereniya. Na biyu, abokan hira na awa uku, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya kwana biyu bai yi magana da kowa ba sai ma'aikacin otal. Na uku kuma, wanda ya fi su duka, tafinta a hannu. Ka tsaya kusa da shi ka ga yadda yake kiran mai kanta, inda yake tsayawa, lokacin da yake biya. Ka sa shi ya leƙa kicin ya tambayar maka da me aka haɗa miyar dankalin nan. Ka tambaye shi inda ake soya kifi zalla a garin, da inda shi kansa yake ci ranar da ba ya aiki, ka sa alamar wuraren a taswirar wayarka nan take. Wanda ya bi ayari ya yi shiru a baya yana cin cuku, ya yi asarar kuɗinsa.

Naƙasun rakiya kuma a fili yake. Ba kai ke da lokacinka ba. Za ka tsaya minti ashirin ana bayanin giyar da ba za ka sha ba. Yawancin ayarin ma'aurata ne ko abokai, wani lokaci su rufe da'irarsu. Sannan jagora ba ya iya kai mutum goma shagon da bai fi ɗaki ɗaya ba, irin waɗannan ƙananan wurare kuwa su ne suka fi dacewa da mutum ɗaya.

To, idan da ƙafarka za ka bi, abu na farko da za ka koya shi ne girman faranti. Iri uku ne: tapa, ɗan ƙarami na mutum ɗaya, media ración, rabin faranti, ración, cikakken faranti na mutum uku ko huɗu su haɗu a kai. Duk wahalar mai tafiya shi kaɗai a nan take. A garin da ake sayar da tapa, kai sarki ne. A garin da sai ración, faranti biyu ka ƙoshi, kuɗi sun tafi, kuma shago ɗaya tak ka gani.

Sebiya garin tapa ne. A takardar abinci za ka ga farashi biyu ko uku a gaban kowane suna, na farkon shi ne naka, yawanci Yuro 3 zuwa 5. A El Rinconcillo, shagon da ke aiki tun 1670, ana tsayawa ne a doguwar kantar katako, ma'aikaci da alli a hannu. Ka ce masa espinacas con garbanzos, ya kawo ɗan kaskon ƙasa da alayyafo da wani farin wake mai ƙwaya zagaye, an dafa su da tafarnuwa da man zaitun da kayan ƙamshi, da yankin soyayyen burodi a soke a gefe. Sai ya rubuta kuɗin da allin a kan katakon, daidai gabanka. Ka ƙara wani abu ya ƙara lamba a ƙasa. Idan ka tashi tafiya ya haɗa lissafin a wurin, ka biya, ya goge da tsumma. Cinyoyin alade na rataye a saman kai, wannan kuma sai mutum ya saba ganinsa a ƙasar. Abin lura a Sebiya: wasu shagunan a kanta kawai suke ba da tapa, idan ka zauna a teburan waje sai rabin faranti ko cikakke.

A Giranada kuwa ba na ganin dalilin sayen rakiya sam. A can duk abin shan da ka saya ana haɗo maka da tapa kyauta, kuma lemon kwalba ma ana ba shi. Abin sha ɗaya wajen Yuro 2 da rabi zuwa 3 da rabi ne, uku sun ishe ka abincin dare. A shaguna da yawa farantin yana canjawa da zagaye, za ka ji ma'aikaci ya ɗaga murya zuwa kicin yana cewa primera ko segunda, wato na farko ko na biyu. Haɗarin shi ne a wurare da yawa ba kai ke zaɓa ba, kuma abin da ya fi musu sauƙin bayarwa kyauta alade ne. Don haka a numfashi ɗaya da odar abin sha za ka ce la tapa sin cerdo, wato tapa ban da alade, ko ka ce de pescado, ta kifi. Idan ka bari faranti ya sauka, mayarwa da nauyi, tunda kyauta ce. Titin Navas yana da shagunan soyayyen kifi, ciki har da Los Diamantes da aka san shi da wannan.

San Sebastiyan, a ƙasar Bask ta arewa, tsarinta daban ne. Sunan abin pintxo, loma biyu ko uku a kan yankin burodi, an jera su reras a kan kanta. A tsohon gari, titunan 31 de Agosto da Fermín Calbetón cike suke da irin waɗannan shaguna. Ka karɓi faranti, ka ɗauki abin da idonka ya gani ko ka nuna a ɗauko maka. Masu zafin kuwa an rubuta su a allo, sai an yi oda, kuma galibi su suka fi daɗi. Ɗaya ko biyu ake ci a wuce gaba. Cika faranti da guda shida a shago ɗaya aikin baƙo ne. A titin Blai na Barsalona ma ana irin wannan, sai dai can tsinken da aka soke kowanne da shi ake ƙirgawa a ƙarshe, saboda haka kada ka yar. A titin Laurel na garin Logoroño kuma kusan kowane shago abu ɗaya ya ƙware a kai, misali naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima ba kazar gida ba, guda uku a jere a tsinke da ɗan jatan lande a sama.

Madrid ce mai wuya. Ana ba da ɗan abin taɓawa kyauta tare da abin sha, zaitun ko dankali ko yankan tsiran alade, amma ainihin abincin ración ne, Yuro 10 zuwa 18 faranti, har a titin Cava Baja da ya yi suna. Akwai mafita: pincho de tortilla, wato yanka ɗaya na wainar ƙwai da dankali, soyayyen kifin bacalao da Casa Labra, kusa da dandalin Sol, ke sayarwa ɗaiɗai, burodin calamares, wata halittar teku da ake yankawa zobe-zobe a soya, na kewayen dandalin Plaza Mayor, ko kasuwanni irin San Miguel, mai tsada da cunkoso amma komai loma-loma ake sayarwa. Duk da haka a Madrid da yawancin Barsalona ne rakiya take da ma'ana ta gaske, domin ayari na raba manyan farantai, ka ɗanɗana abu goma a maimakon biyu.

Shiga shagon kanta ita ce ke firgita mutane, alhali ba wani abu ba ne, kusan kamar tsayawa gaban mai tsire ne ranar kasuwa: wanda ya yi shiru yana jiran a gan shi zai daɗe. Ba a jiran a zaunar da kai. Ka kutsa zuwa kanta, ƙarshenta ya fi samun sarari, kuma mutum ɗaya ba ya rasa inda zai sa gwiwar hannu ko da wurin ya cika. Ka haɗa ido da ma'aikaci ka ce hola, idan yana cikin aiki ka ce cuando puedas, wato in ka samu sarari. Abin sha ake fara faɗa, abinci ya biyo baya. Ka yi odar abu ɗaya ko biyu kawai. Ba a biya sai ƙarshe, ka ce la cuenta, wato a kawo lissafi, sai dai wasu wurare masu cunkoso da ke karɓa nan take. Tukuici ba dole ba ne, a kanta barin 'yan canji ya isa. Farashin kanta ya fi na teburin waje sauƙi a wurare da yawa. Ka iso ƙarfe 8 da rabi, kicin na buɗewa, lokacin ma'aikaci na da sukunin amsa tambaya. Daga 9 da rabi zuwa sama ba ya jin kowa. Ƙarƙashin kanta akan sami ƙugiyar rataya jaka. Waya kuma ba a ajiye ta kan teburin waje, musamman a tsakiyar Barsalona da Madrid inda 'yan sane ke sana'arsu.

Yanzu maganar alade, inda wanda ba shi da jagora dole ya zama jagoran kansa. Wanda ake gani da ido ba shi ne matsala ba. Sunayen jamón, chorizo, lomo, morcilla, salchichón, panceta, tocino, torreznos, secreto da presa duk alade ne, haddace su ba wuya. Ɓoyayyen shi ne abin tsoro. Croquetas, 'yan dunƙulen da ake soyawa, idan ba a ce na kifi ko na naman kaza ba ne, to na jamón ne. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi ta Kordoba, ita kanta tumatir ce da burodi da tafarnuwa da man zaitun, amma ana barbaɗa mata jamón a sama, sai ka ce sin jamón tun wajen oda. Ƙwallon nama na albóndigas yawanci haɗin sa da alade ne. Pinchos morunos, tsiren da sunansa ke nuni ga mutanen Magrib na Arewacin Afirka, a yawancin shaguna da alade ake yinsa. Wake, ganye, naman kaza da ƙwai da dankali na huevos rotos, duk ana jefa musu gutsattsarin jamón don ɗanɗano. Romon miya sau da yawa da ƙashin cinyar ake dafa shi. Kitsen alade, manteca, yana shiga wasu kayan fulawa irin su mantecados da polvorones da ensaimada.

Tambayar ma tana da dabara. Idan ka ce akwai nama a ciki, ma'aikaci na iya cewa babu da zuciya ɗaya, don a wurinsa ɗan barbaɗin jamón kayan haɗi ne, ba nama ba. Sai ka kira sunan: ¿lleva jamón, chorizo o manteca?, wato akwai ɗayan waɗannan a ciki? Ka rubuta jimla ɗaya a waya ka riƙa nunawa: No como cerdo, ni jamón, ni chorizo, ni manteca, wato ba na cin alade ko ɗayan waɗannan. Kada kuma ka dogara da 'yan alamomin da ke gefen sunan abinci. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta bayyana abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane ciwo, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da kifi, amma alade ba ya cikinsu. Sai maganar mai: shagon da ke da tukunyar suya ɗaya, a cikinta ake soya croquetas da kifi duka. Wanda wannan ya dama ya nemi freiduría, shagon suyar kifi, waɗanda suke da yawa a Sebiya da Kadis da Malaga, ya kuma tambaya a can ma.

Abin da ya rage bayan an cire duk wannan ba kaɗan ba ne. Mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a cikinta ta halatta halittun teku, don haka ƙofar a buɗe take: ƙananan kifin boquerones soyayyu, calamares, jatan lande cikin man zaitun da tafarnuwa, pulpo mai hannaye takwas da ake dafawa irin na Galisiya da jan barkono, kifin cazón da ake jiƙawa a kayan ƙamshi kafin suya. Ga koren tattasan Padrón da gishiri, ga soyayyen yalo da zumar rake a Giranada da Kordoba, ga patatas bravas, soyayyen dankali da miya mai yaji, ga ensaladilla ta dankali da kifin gwangwani. Sai dai abincin teku mai miya, kamar almejas a la marinera, da farar giya ake dafa shi, wasu ma sukan ɗiga ta a jatan landen. Tambayar ita ce ¿lleva vino?, wato akwai giya a ciki? Naman sa da kaza na bar su gefe saboda yanka. Mai son nama ya nufi gidajen abincin Musulmi a unguwar Lavapiés ta Madrid, ko Raval ta Barsalona, ko titin Calderería Nueva na Giranada.

Abin sha ma yana da tarkonsa. Mosto a yawancin ƙasar ruwan inabi ne zalla mai zaƙi, babu maye, kuma shi ne abin da ya fi dacewa da tapas ga wanda ba ya shan giya. Amma a yankin Jerez da ƙauyukan Aljarafe na gefen Sebiya, mosto sabuwar giya ce ta bana. A can sai ka ce zumo, wato ruwan 'ya'yan itace, ko ka kira sunan lemon da kake so. Kwalbar giyar da aka rubuta wa sin, wato marar barasa, doka ta yarda ta ƙunshi ɗan burbushin barasa ƙasa da kashi 1 cikin 100, ta bambanta da mai 0,0. Clara da tinto de verano suna kama da lemo a ido, amma da giya aka haɗa su. Ruwan famfo kyauta ne, dokar 2022 ta wajabta wa shaguna bayarwa idan an nema, sai dai ba ya jawo tapa ta kyauta a Giranada.

Akwai magana guda da ba za a tsallake ba: kusan duk waɗannan shaguna ana sayar da giya a cikinsu, kuma na kusa da kai yana sha. Wannan hukunci ne da kowa zai yanke da saninsa da malaminsa tun kafin ya taso. Abin da zan iya faɗa shi ne bambancin hanyoyin biyu a nan babba ne. A ayarin jagora teburi ɗaya kuke, ana ɗaga kofuna a gabanka. Da ƙafarka kuwa kana iya tsara yawon gaba ɗaya a kasuwanni da shagunan suyar kifi da ake naɗe maka a takarda ka fita da shi, ko ka yi shi da rana tsakanin ƙarfe 1 da 3 lokacin da iyalai da yara suka fi yawa. Mace mai tafiya ita kaɗai ma wannan lokacin na rana da farkon dare sun fi mata sauƙi, ko da yake ganin mace ita ɗaya a kanta ba baƙon abu ba ne a can.

A kuɗi, dare ɗaya da ƙafarka, shago huɗu, kowanne abin sha da tapa ɗaya ko biyu, yakan tsaya tsakanin Yuro 20 da 30 a Sebiya, ƙasa da haka sosai a Giranada, sama da haka a San Sebastiyan. Wato kuɗin rakiya ɗaya sun kai na dare uku. Shawarata ita ce: a Madrid ko Barsalona, idan shi ne zuwanka na farko kuma ba ka jin yaren, ka sayi rakiya sau ɗaya a daren farko, bisa sharaɗin sun rubuto maka jerin abincinka, ka tatsi jagoran da tambayoyi, sauran dararen ka bi da kanka. A Sebiya rakiya zaɓi ce, ga mai son abokan hira da tarihin unguwanni. A Giranada da San Sebastiyan da Logoroño ka riƙe kuɗinka.

Wajen tsara yawon kanka, shago huɗu a unguwa ɗaya sun isa, kada tazararsu ta wuce tafiyar minti biyar, da guda biyu na ko-ta-kwana. Na ko-ta-kwanan dole ne, domin shagunan iyali da yawa ba sa buɗewa daren Lahadi da ranar Litinin, wasu a Madrid sukan rufe makonni a watan Agusta, kuma lokacin da taswirar waya ke nunawa na buɗe ƙofa ne, ba na kicin ba. Ka riƙe 'yan tsabar kuɗi, don akwai tsofaffin wuraren da ba sa son kati a ƙaramin ciniki. Sannan ka duba lokacin sallah kafin ka zaɓi awa. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Madrid da Sebiya sai wajen 10 saura kwata na dare, wato rakiyar da ta tashi ƙarfe 7 da rabi za ta haɗiye magariba a tsakiyarta, kuma ayari ba ya jira. A watan Disamba kuwa magariba wajen ƙarfe 6 take, ka yi ta har da isha'i a masauki kafin kicin ya buɗe. Idan da rani ka zo kuma rakiya kake so, ka ɗauki ta rana, wadda ke farawa wajen ƙarfe 12 ko 1.